Yaran Aro

Hedimasta na cikin kurɓar shayi a ofis, ƙafafu kan tebur, sai labari ya iso: gobe sufeto zai zo gwada 'yan aji shida, kuma duk makarantar da ta faɗi, za a sauke shugabanta a mayar da shi koyarwa.

Shayin ya sarƙe shi. Rabonsa da leƙa aji tun kafin ya aje tumbi. Ƙurar alli na sa shi atishawa, hayaniyar yara na tayar masa da hawan jini. Amma ai ko ba a faɗa masa ba, ya san abin da ke ciki: ba littafi, ba benci, rufi na yoyo, malama ɗaya tal na fama. Me yara za su iya a haka?

Ya kira ƙanin matarsa, mai makarantar kuɗi a bayan tasha.

"Ka ara mini yara masu kai, cikin mota guda, gobe da sassafe."

"Haba Yaya, yara ake ara kamar tsani?"

"In aka sauke ni, ni da yayarka gidanka za mu tare."

Nan take ya amince.

Hedimasta ya umarci Malama ta sallami nata yaran da zarar na aro sun iso. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu.

Washegari ya makara kamar kullum, suka yi kiciɓis da sufeto a ƙofar aji. Ga yara zaune a ƙasa, riguna duk faci, wasu ko takalmi babu. Ya jinjina wa ƙanin matar tasa a ransa: har kayan ma ya tsara!

Sufeto ya jefa tambaya, hannuwa suka tashi rututu. Karatu kamar ruwa. Wata 'yar firit ma ta gyara wa sufeton lissafinsa a allo.

"Ni da kaina nake zama da su," in ji Hedimasta, yana danne atishawa. Malama ta kalli rufi.

Motar sufeto na ficewa ya zaro waya ya kira ƙanin matarsa, baki har kunne.

"Kai, Allah ya yi maka albarka! Irin waɗannan yara, ina ma a ce nawa ne!"

"Yaya, ka yafe ni, tun safe nake tsoron kiranka. Motar ce ta mutu a ƙofar makarantata. Ga yaran nan duka, har yanzu turi muke yi."