Shafi na Sittin da Ɗaya

Cajin wayar Rukayya ya ƙare tun azahar, amma ta riƙe ta a gaban fuskarta ta ci gaba da karatu. Malama Huseina ba ta gani, balle ta gane. Tana kishingiɗe a kan tabarma, ta juyo kunne ɗaya, tana gyaɗa kai.

Wata huɗu ke nan suna haka kullum bayan la'asar. Rukayya 'yar Rurum ce, aure ya kawo ta Kibiya. Mijinta Uzairu direban tirela ne, sai ya yi sati shida ba a ga ƙeyarsa ba. Ba ɗa, ba dangi a kusa. Akwai ranar da sai da ta zo sallar magariba ta lura tun safe ba ta yi wa kowa magana ba, har muryarta ta dushe.

Malama Huseina kuwa tsohuwar malamar firamare ce, ciwon suga ya tafi da idonta. 'Ya'yanta suna birni, suna aiko da magani da gaisuwa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu.

Ranar da Rukayya ta fara kai mata ɗanwake, ta zauna tana latsa waya, sai ta yi salati da ƙarfi. Malama ta tambayi lafiya. Ta ce wani littafi ne a guruf ɗinsu na WhatsApp, sunansa Masu Sayen Inuwa. Labarin wani dillali ne a tsakiyar birni da ke sayen inuwar mutane. Duk wanda ya sayar da tasa zai yi sata ko kisa ba mai ganinsa, amma kullum sai ya manta fuskar mutum ɗaya da yake ƙauna. Wani ɗan sanda, Tajuddeen, shi ke bin sawunsu.

Sai Malama ta ce, "Faro mini daga farko."

Mai sauraro ce mai wuyar sha'ani. Takan ce wannan wurin an cika surutu, wancan an yi gaggawa. Idan Rukayya ta yi tuntuɓe a sunan wani lungu, kafin ta gyara Malama ta gyara mata. Abin da ya fi jan ta shi ne sharhin masu karatu, kullum sai ta ce a karanto mata.

Sharhin kuwa ba daɗi. Marubuciyar, wadda ba wanda ya san ta sai da laƙabin Mai Ƙaramar Fitila, ta tsaya cak a shafi na sittin shekara biyu da suka wuce, ta bar Tajuddeen tsaye a ƙofar shagon dillalin. Lambarta a kashe. Wata ta ce aljanun da ta rubuta ne suka shafe ta. Wani ya ce dama mai irin wannan baƙin tunani ba ta gamawa lafiya. Wata ta ce ta daina barin 'ya'yanta su taka inuwar mutane, kuma ba ta yafe ba. Waɗannan Rukayya takan tsallake su, ta zaɓi na yabo, don kada Malama ta san littafin guntu ne.

Da suka kai shafi na hamsin da tara, hankalin Rukayya ya tashi. Idan littafi ya ƙare, da wane dalili za ta riƙa zuwa kullum? Gaisuwa minti biyar ce. Tsoron komawa ɗakin nan shiru ya fi ƙarfin kunyarta.

Sai ta yi ƙarya. Ta buɗe baki ta karanta shafi na sittin da ɗaya, wanda babu shi a duniya. Ta tura Tajuddeen cikin shagon, ta sa ya sayar da rabin inuwarsa. Gumi ya jiƙa mata hijabi. Malama ba ta yi gyara ko ɗaya ba ranar, sai dai ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Gobe ki zo da wuri."

Ƙarya kuwa ta yi ta haihuwa. Malama ta ce a maimaita mata na jiya, dole Rukayya ta sayi littafin rubutu ta fara ajiye abin da ta faɗa. Malama ta nemi sharhi, dole ta ƙirƙiro masu karatu, har da masu zagi don abin ya yi kama da gaske.

Yau, da ta dire shafi na tamanin a kan wayar da ba caji, Malama ta gyara zama.

"Danna mini wurin ɗaukar murya. Ina so in yi wa marubuciyar nan godiya da bakina."

Rukayya ta kalli baƙin gilashin wayar. Ta nemi wata ƙaryar ta rasa. Kuka ya ƙwace mata.

"Mama, ki yafe mini. Shafi ashirin ɗin nan duk ni na ƙaga. Matar nan tun a sittin ta gudu ta bar mutane, mara tausayi. Ni kuma na ji tsoron ki ce in daina zuwa."

Malama ta lalubo hannunta ta riƙe gam, kamar mai tsoron a ƙwace mata.

"Ba guduwa na yi ba, 'yar nan," in ji ta. "A shafi na sittin idona ya rufe, kuma shekara biyu ke nan ina zaune ina jiran wanda zai zo ya gaya mini yadda labarina ya ƙare."