Kwankwason Hagu

Ta kai hannu bayanta, ta ji wayam.

"Ina yarona?" ta tambayi masu jira a barandar asibitin, tana dogare da sandarta.

Yanzun nan likita ya gama jero mata dalilan ciwonta. Wataƙila ciwon da ke cin rigar jijiyoyinta ne ya taɓa lakar ƙashin bayanta, kwankwason hagu ya daina ji. Zafin matsematsi kuwa, ko naman cinya ne ke ɗaurewa, ko karkacewar tafiyarta ce.

"Za ki iya kula da jariri ke kaɗai?" ya tambaye ta kafin ta fito.

"Ni na haife shi, likita. Ko barci nake ina jin motsinsa."

Surukarta, wadda ta daɗe tana roƙon a ba ta riƙon yaron, ta matso ba gori. Ta ɗage mata gefen mayafi.

"Ga shi nan, 'yata."

Yana ɗaure a kwankwason hagu, inda ta juyo da shi ɗazu ya sha nono, yana ta shurinta da 'yar ƙafarsa.

Ta daɗe tana kallon ƙafar. Sannan ta fara kwance zanin goyon, don ta miƙa shi ga surukarta.