Abin da Dogo Bai Ƙirga Ba

Auta ta taɓa shan kaye a hannun kakarta. Ta dawo hutu daga babbar jami'a, inda take karatun lissafin tattalin arziki, ta zana wa tsohuwa jadawali wai tumatir zai yi araha. Tsohuwa ta ce, "Je ki faɗa wa mai tumatir, shi bai yi jami'a ba." Tun ranar Auta ta rage baki.

Shi kuwa Dogo, abokin karatunta, bai samu kakar da za ta gyara shi ba. Sai da ya ji Auta za ta auri wani likita, sannan ya tare ta a ɗakin kwamfuta, yana sosa ƙeya.

"Shekara uku ina son ki," ya ce, idonsa a ƙasa.

"Shekara uku! Bakin naka aro ka bayar?"

"Jira nake in tabbatar. Duk ranar da kika yi mini murmushi na rubuta, sau goma sha ɗaya ne kacal. Ke ma kin sani, ba a yanke hukunci da ɗan bayani haka."

Allah sarki, ilimi ya yi wa yaro yawa! Auta ta dubi kujerar da ke gefen tasa, wadda ta kusa hudawa da zama. Ta so yin dariya, hawaye suka riga ta.

"Dogo, ni da nake gama aikina tun azahar, zaman me nake yi a nan har la'asar? Da wannan ka ƙirga, da tun bara babana ka yi wa bayani, ba ni ba."