Sauron Farfesa da Masu Feshi

Ranka ya daɗe, tunda ka ce dokar da za ka kafa ba za ta ware kowa ba, bari in ba ka wani misali kafin ka sa hannu.

An yi wani farfesa wanda tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai ba shi da aiki sai bin diddigin sauro da zazzaɓin da yake raba wa mutane. Wasu na kiwon tumaki, shi sauro yake kiwo. Yana da wani ɗaki a bayan ofishinsa cike da kejin raga, kuma sauron da ke ciki tun kakannin kakanninsu a hannunsa suka tashi, ba su taɓa shaƙar maganin feshi ba. Nan darajarsu take. Sauron gari ya saba da guba har ya raina ta, don haka duk sabon maganin da aka haɗa sai an gwada a kan nasa kafin a san ko na ƙwarai ne. Masana daga ƙasashe masu nisa har roƙonsa ƙwai suke yi. Idan lokacin cin abincinsu ya yi, sai ya naɗe hannun riga ya zura damtse cikin keji, yana karatun jarida suna sha. Matarsa kan ce ita ba ta taɓa ganin mai kai wa ɓarawo kayansa har gida ba sai mijinta.

Mutumin kirki ne, wallahi, yara da yawa sun rayu ta dalilinsa. Aibinsa ɗaya, in ya hau magana ba ya bar mata ƙofar fita. Da aka ɗora masa jagorancin feshin gari, sai ya ji ana tsallake gidajen manya saboda kunya. Ransa ya ɓaci, ya tara masu feshi ya horar da su da kansa. Ya ce duk ƙofar da aka hana su shiga, to nan matattarar take, kuma wanda ya saurari uzurin kowa, a bakin aikinsa. Wani ya ɗaga hannu zai tambaya ko akwai inda za a keɓe, ya daka masa tsawa. Aiki kuwa ya yi kyau. Zazzaɓi ya ja baya, gadajen asibiti suka sami sarari, har aka gayyace shi ƙasar waje karɓar lambar yabo.

Yana can ana tafa masa, feshi ya iso ofishinsa. Maigadi ya tare ƙofar ɗakin yana cewa, "Ku yi wa Allah, nan ɗakin sauron Farfesa ne!" Shugaban masu feshi ya ce, "To baba, mu wa muka zo nema?" Suka ture shi suka shiga. Da suka ga abin da ke cikin keji sai suka ɗauki salati, don duk yawonsu a garin ba su ga wurin da ya lalace haka ba. Suka rufe tagogi, suka juye maganin da suka goyo a bayansu kaf, suka ƙara wani saboda girman mai wurin.

Farfesa ya dawo da lamba a wuya. Ko gida bai biya ba, ya wuce ɗakin yana naɗe hannun riga. Ya tarar da tsit, ƙasan kowane keji baƙi ƙirin kamar an barbaɗa garin gawayi. Sai ga masu feshi sun zo gaisuwa, shugabansu ya durƙusa ya raɗa masa, "Yallaɓai, mun rufa maka asiri, ba wanda ya ji." Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya laluba laifin da zai kama su da shi ya rasa. Aikin rayuwarsa ne kwance a gabansa, kuma bakinsa ne ya kashe shi. Ni kaina na tausaya masa. Tsoho da gemunsa ya zauna daɓas a ƙasa yana rusa kuka, ma'aikata suka taru suna yi masa ta'aziyya, har wani na tambaya ko ƙarfe nawa za a yi jana'iza.

To ka duba ɗakin bayanka tukuna, ranka ya daɗe. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.