Beben Kuyello

Safar hannun tana rataye a bayan makewayi, koriya ce ta roba, ruwa na ɗiga daga yatsunta. Ɗalha ya tsaya yana kallonta kamar ya ga kunama a kan tabarmarsa. A duk faɗin Kuyello mutum ɗaya ne ke sa irin wannan safa, kuma shi ne mutumin da Ɗalha ya fi tsana a duniya. Ko sunansa ba a sani ba, Bebe kawai ake ce masa.

Shekara goma sha huɗu Ɗalha na goya tankin feshi, ba wanda ya kama ƙafarsa. Daga shi sai singileti da silifa. Da hannu yake gauraya maganin ciyawa, in bakin famfo ya toshe ya sa baki ya hura. In ya gama sai ya shanye ƙwaryar nono, ya goge gemu, ya ce ai ya kashe dafin. Haka kowa ke yi, shi dai ya fi kowa alfahari da abin.

Bara tari ya kwantar da shi. Likita a Birnin Gwari ya faɗa masa a gaban matarsa Bushira cewa nono ba ya wanke huhu, kuma in ya ƙara damina ɗaya a cikin feshi, ƙirjin nan ba zai kai ta biyu ba. Bushira ta yi kuka, ta yi magiya, ta haɗa shi da Allah da Annabi. Ɗalha ya ce muddin akwai mai kiransa zai je.

Bana sai ƙungiyar manoman garin ta kafa doka: ba mai yi wa 'ya'yanta feshi sai wanda ya yi horon mako guda, ya sa cikakken kaya. Ɗalha ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce shi ba amarya ba ne da zai rufe fuska. Ba a yi wata ba Rachel, malamar gona, ta kawo nata mutumin. Dogo ne siriri, cikin farin kaya daga kai har ƙafa, da takunkumi da tabarau da takalmin ruwa. Ba ya gaisawa, ba ya ciniki, komai ta hannun Rachel. Sai ya ɗebi ƙasa ya watsa ya ga inda iska ta nufa kafin ya fara, in rana ta take ya ajiye.

Gonakin bakin daji dama an bar wa ɓarayi, 'yan na kusa da gari suka rage. Bebe ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kwashe. Abin da ya fi ci wa Ɗalha rai shi ne, duk gonar da aka yi masa alkawari da yamma, da safe sai ya tarar Bebe ya riga shi, kamar wani na kai masa rahoto. Tankinsa ya yi ƙura a zaure. Tarin ya ɗan lafa, amma wa ke ta tari? Hassada ta hana shi jin daɗin tuwo.

Ranar da ya zagi Bebe a tsakar gida, Bushira tana tankaɗe ta ce, "Baban Raudatu, bawan Allahn nan fa bai yi maka komai ba."

Tun daga ranar ya sa mata ido. Ta tsiri zuwa ƙauyen Kazage da sassafe, wai duba mahaifiyarta. In ta dawo da hantsi ba ta taɓa yara, ba ta taɓa tukunya, sai ta shige makewayi ta yi wanka da sabulu mai ƙamshi, ta fito tana murza kafaɗa. Matar aure da wanka daga dawowa unguwa? Ya tuna kuma a makon da aka horar da Bebe a Birnin Gwari, Bushira tana can jinyar gwaggonta. Zuciyarsa ta ce a can suka haɗu. Ga kuma safarsa yau a cikin gida.

Ya bar safar inda take. Washegari ta sa hijabi ta fita, shi kuma ya ɗauki gorarsa ya nufi gonar Alhaji Bakoji, manomi na ƙarshe da bai juya masa baya ba sai jiya.

Bebe na tsakiyar kunya yana tafiya da baya-baya, magani na tashi kamar hayaƙi. Da ya hango Ɗalha ya saki famfo, ya ɗaga hannu yana yi masa alamar ya tsaya nesa. Wannan ya ƙara tunzura shi. Ya kutsa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa da silifansa, warin da ya sani ya cika masa hanci.

"Ka raba ni da sana'ata na yi shiru," in ji shi. "Yanzu gidana ka shiga? Cire wannan abu in ga fuskar munafuki! Me ke tsakaninka da matata?"

Ya ɗaga gora, amma ƙirjin ya riga shi. Tari ya turnuƙe shi, ya durƙusa, numfashi ya ƙi shiga. Bebe ya kwance tanki ya yar, ya rugo da gudu, ya miƙo hannu zai tallafe shi, sai ya dubi jiƙaƙƙiyar safarsa ya ja da baya.

Daga cikin takunkumin nan Bebe ya yi maganarsa ta farko a Kuyello, cikin kuka, da muryar Bushira: "Baban Raudatu, don Allah ka fita daga iskar nan, ka bari in wanke hannuna in riƙe ka."