Motar Bayan Katanga

Daga tagar ofishinsa a Sharaɗa, Alhaji Uwaisu mai kamfanin alewa ba ya ganin komai na maƙwabcinsa sai katanga. Ran nan da damina ta faɗi, ya ɗaga kai ya hango wani koren rufi ya leƙo ta samanta. Rufin Landiroba ne, irin tasa sak.

A shekarun nan kowane attajiri a Kano yana son a ce yana da gona a bakin kogin Challawa, da motar da za ta kai shi can ko ana sheƙa ruwa. Alhaji Uwaisu ne ya fara sayen Landiroba a layinsu. Yanzu ga maƙwabcin nasa, Alhaji Labaran mai kamfanin bokitin roba, wanda tun suna sayar da koli a Kantin Kwari yake bin sawunsa, shi ma ya yi. Alhaji Uwaisu ya sa aka faka tasa a jikin katangar, ya koma taga ya gwada. Ta Labaran ta ɗara tasa tsayi.

Washegari motar tana garejin Mamman a Dakata. Mamman bakanike ne da bai taɓa musa wa mai babbar riga ba. Ya ƙara mata ganyen sifirin, ya cusa dunƙulen ƙarfe a ƙarƙashi, ta miƙe tsaye kamar an tashe ta daga barci. A hanyar komawa Alhaji ya lura tana rangaji a duk kwana, amma ya ce ai haka manyan abubuwa suke tafiya.

Ba a jima ba aka tafka ruwa, Sharaɗa ta zama fadama. Da gari ya washe, koren rufin ya sake tashi.

Alhaji ya kasa cin abinci. Abin da ya fi ƙona masa rai, Labaran kullum a tsohuwar Fijo yake zuwa, ya gaishe shi da fara'a, bai taɓa ɗaga zancen ba. Wato ɓoye ta yake yi, sai ranar da za a haɗu a gona ya fito da ita a gaban jama'a.

Sai aka koma wa Mamman. Wannan karon tayoyin babbar motar ɗaukar kaya aka ɗaura mata, waɗanda sai ƙarti biyu ke iya mirgina ɗaya. Sitiyari ya yi tauri kamar an ɗaure shi, inji yana nishi kafin ta ɗaga, in an taka birki sai ta yi shawara kafin ta tsaya. Direbansa ya ce mahaifiyarsa ba ta da lafiya a Ringim, ya tafi bai dawo ba. Hajiya Zaituna, da aka kawo mata kujera don ta taka ta hau, ta dubi motar sama da ƙasa.

"Alhaji, ku dai ku je. Ni in zan hau bene, na fi son wanda ba ya tafiya."

Ya ja abarsa da kansa zuwa Challawa. A burji ta yi ta tsalle da shi har hularsa ta lotse. A taɓo tayoyin suka nutse da nauyinsu, sai da manoma suka turo. A wata 'yar gangara, wadda a da yake wucewa yana taunar goro, ya ji ƙafafun dama sun bar ƙasa, ya yi ta salati har suka dawo. Amma manoman sun ce ba su taɓa ganin mota mai tsayinta ba, wannan kuwa ya ishe shi.

Da la'asar ya shigo layinsu, taɓo har gilashi, ya hango ma'aikata sun fito canjin aiki. Ya ƙara wuta don su gani da kyau. Ya taka birki a bakin ƙofarsa, tayoyin suka ƙi saurara, ya murɗa sitiyari da ƙarfi. Motar ta karkata a hankali, kamar raƙumin da zai durƙusa, ta kwanta a jikin katangar Labaran, katangar ta zube.

Aka zaro shi ta taga, kafaɗa a goce. Ana ce masa asibiti, shi kuwa ya ture hannun mutane, ya taka ɓaraguzai ya leƙa. Ko zai mutu sai ya ga irin tayar da Labaran ya sa.

Babu taya ko ɗaya, babu inji. Gangar jiki ce kawai a bisa tulin bulo, tsakiyar kududdufi, kaji suna ta kyarkyara a ciki.

"Sannu, ranka ya daɗe," in ji tsohon maigadin Labaran, yana rungume da zakara. "Akurkina ne. Duk sanda ruwa ya ƙaru sai mu ƙara masa bulo."