Furogaram Ya Ce Ba Rezo

"Ɗiyata, albasarmu na mutuwa," in ji Malam Jima, shugaban masu garka, wato manoman lambu, na garin Tama.

Rabi'atu mai kula da famfon garkar ta sake duba na'urarsa. Furogaram ɗin da ke tada famfon rijiya sai ya tabbatar akwai rezo, wato hanyar intanet, kafin ya saki ruwa. Kwana uku yana cewa babu, alhali wayarta na shiga intanet lafiya lau. Ta sauya kebul, ta sauya katin SIM, duk a banza.

Daga baya ta gano layin binciken rezo da yayanta Munir ya rubuta a cikin furogaram ɗin. Ashe kowace safiya ordinaterin Munir, wato kwamfutarsa, furogaram ɗin ke yi wa sallama; in bai samu amsa ba sai ya ce babu rezo. Ita ce kuwa ta zare wa ordinaterin wuta kwana uku da suka wuce, ranar da aka binne Munir.